Baba Malam, Mai Zama a Bayan Taga

Ranar da aka kai Baba Malam makwancinsa, gidanmu na Kibiya bai ɗauki mutane ba. Maza suka cika zaure, suka malala har bakin masallaci, mu mata kuma muka cunkushe a tsakar gida da ɗakin Inna, uwar mijina. Ni aikina a ranar bai wuce ɗebo ruwa da shimfiɗa tabarma da amsa "ya haƙuri" ba. Kowa ya shigo da inna lillahi a bakinsa, ya zauna, ya yi addu'a, sannan ya faɗi abin da ya sani game da mamacin. Rabin masu ta'aziyyar malaman makaranta ne, kuma kusan kowannensu labarin faɗan da Baba ya taɓa yi masa yake bayarwa, yana bayarwa yana share hawaye.

Wata malama da ta zo daga Unguwar Gai ta ce, "Wallahi ranar farko da ya shigo ajina alli ne ya suɓuce daga hannuna. Ya je ya zauna a bencin baya tsakanin yara, gwiwoyinsa har haɓa. Da na gama sai ya ce, 'Malama, kin yi wa allo darasi mai kyau. Gobe a gwada yi wa yara.'"

Aka fashe da dariya, sai aka tuna gidan makoki ne, kowa ya kama bakinsa. Daga zaure kuma muka jiyo muryar wani malami, aka ce daga Zinyau yake, yana ta maimaita magana ɗaya: "To yanzu wa zai zo ya gan mu? Wa ya san muna can?" Matar Arɗo ta shigo da ƙwaryar nono, ta ajiye a gaban Inna, ta riƙe hannunta, sannan ta tashi.

Ina cikin kwashe kofuna sai Goggo, ƙanwar Baba, ta kama gefen hijabina.

"Ke kuma, matar yaro, ai sai ki rataye jakar nan taki. Wanda yake tsaya miki ya tafi. Ga uwar mijinki ta shiga takaba, wa zai zauna da ita in kina can bayan Tarai kina ihu da 'ya'yan mutane?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, haka bakinta yake. Amma gabana ya yanke ya faɗi, kuma tun daga wannan lokaci bai koma daidai ba. Na ji kunyar kaina, ga gawa ba ta daɗe da fita ba ni kuma ina tunanin aji ukun da nake koyarwa. Sai dai tsoro ba ya jiran a gama makoki.

Baba Malam surukina ne, mahaifin mijina. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Mijina shi ne ɗan fari, don haka shi ma Baba bai taɓa kiran nasa sunan ba, sai dai "yaron nan" ko "manomin gidan nan". Inna kuwa ko kallon ɗan nata ba ta yi sosai, balle ta yi hira da shi. Ni da Baba, tun da aka kawo ni gidan, magana ba ta taɓa haɗa mu ba in ban da gaisuwa. Nakan durƙusa daga nesa in ce "Baba, ina kwana," ya amsa yana kallon wani gefe, in tashi in ɓace. Haka aka rene mu, kuma ban taɓa jin takura ce ba sai da aiki ya shigo tsakani.

Ya yi hedimasta a ƙauyuka da dama na Rano da Kibiya. Da ya yi ritaya aka zaci zai zauna a ƙofar gida da rediyo, yana gyara duniya da baki irin na tsofaffin ma'aikata. Ina! Sai ya sa aka canza wa kekensa sarƙa, ya shiga zagayen makarantu. Ba wanda ya aike shi, ba wanda ya ba shi ko ruwan sha don wannan. Ya isa makaranta, ya gaisa da hedimasta a tsaye, ya wuce aji ya zauna a baya. In an tashi ya ja malamin gefe ya faɗa masa abu ɗaya ko biyu, ba ya wuce haka. Yakan ce malamin da ba a zuwa gani kamar gonar da mai ita ba ya zagayawa ce, ba rana ɗaya take lalacewa ba. Yakan ce jinkirin albashi yana kashe zuciya, gaskiya ne, amma abin da ya fi kashe ta shi ne ka koyar ko kar ka koyar, duk ɗaya, ba wanda ya sani.

Da aka tura ni wata firamare a ƙauyen bayan Tarai, duk malaman makarantar suka zuba ido su ga yadda za a yi. Baba yana shiga kowane aji. To, zai shiga nawa ya zauna yana kallon matar ɗansa tana ɗaga murya tana wurga hannu? Ni kuma zan iya buɗe baki a gabansa? Abokan aikina har tsokanata suke yi, wai ni kaɗai na tsira.

Ban tsira ba. Wata safiya ina tsakiyar darasi na ji ƙarar keke an jingina shi da bangon bayan aji, sannan na ji tarin da na sani. Tagoginmu ba marfi. Ban leƙa ba, amma yaran da ke gefen suka leƙa suka ce, "Malama, wani tsoho ya shimfiɗa buzu a gindin taga." Ya sami hanyar da zai ji ni ba tare da mun haɗa ido ba. Muryata ta maƙale, na ƙarasa darasin nan kamar mai raɗa.

Da yamma ina bakin murhu Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam ya ce a tambayi malamar aji uku, wai sauro ne ya yi darasin yau ko mutum?"

Daga ranar Inna ta zama 'yar aike. Ba ta yi boko ba, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma ta bakinta na sami horon da ban samu a kwaleji ba. Baba ya faɗa mata a ɗaki, ta kawo mini madafa, wani lokaci saƙon ya iso da ƙafa ɗaya. "Ya ce wani abu dai game da raba abu kashi-kashi. Wai kar ki fara da allo, ki fara da rake." Sai in zauna in yi ta juya maganar har in gano nufinsa: in kai sandar rake aji, yara su yanka da kansu su ga rabi da kwata kafin su ga lamba. Wani lokaci kuma ta ƙara nata gishirin. "Ni dai na ce masa ai yarinyar tana ƙoƙari, ya ce ba a tambaye ni ba."

Da muryar ta dawo sai ta yi yawa. Saƙo ya zo cewa ya ji malama sarai, yanzu yara yake so ya ji. Na sa suka riƙa amsawa gaba ɗaya da ƙarfi, har ajin maƙwabta na jin mu. Saƙo ya sake zuwa: wai wannan amshi ne, kuma ɗan amshi ba lallai ya san ma'anar waƙa ba, a riƙa tambayarsu ɗaya-ɗaya. Kunnen Baba abin tsoro ne. Da ji kawai ya san muryoyi huɗu ko biyar ne ke amsa mini kullum, kuma duk daga gaba suke. Shi ne ya aiko cewa akwai wata yarinya daf da taga da ke faɗin amsa daidai a ƙasa-ƙasa kafin kowa, amma ba a taɓa kiran ta ba. Na duba, 'yar rugar Arɗo ce, cikin masu zuwa a makare.

Su yaran ruga ba sa isowa sai an gama tatsa an fitar da shanu, ni kuma a lokacin lissafi nake sawa farko, don an koya mana a yi shi da sanyin safiya. Kullum su tarar an gama. Baba bai ce in daina yi musu faɗa ba. Cewa ya yi, "A gaya wa malama saniya ba ta san ƙararrawa ba. A mai da lissafi bayan hutun tara." Na roƙi hedimasta, ya ce in dai Malam ne ya faɗa ba sai na roƙa ba. Kafin ƙarshen shekara yarinyar nan ta daina raɗa.

Ba wai kullum lafiya muke ba. Akwai lokacin da aka haɗa mini aji biyu saboda wani malami ya bar aiki ya koma sayar da kayan waya a birni. Yara suka cika benci, suka cika ƙasa, har bakin allo, ba inda zan sa ƙafa. Baba kuwa saƙonsa bai canza ba: malama ba ta zagayawa, daga wuri ɗaya ake jin muryarta. Rana ta farko na haɗiye, ta biyu na haɗiye. Ta uku na ce, "Inna, a gaya wa Baba a kan kawunan yara zan taka in zagaya?"

Inna ta riƙe haɓa. "Haka zan faɗa masa?"

"Haka."

Ta kuwa faɗa. Baba ya ɗauke ƙafa daga makarantarmu. Har yau ina nan a kan cewa gaskiyata ce, amma makonnin nan sun yi mini tsawo. Sai na kama kaina ina kasa kunne ko zan ji keke. Darasi ya yi kyau ba mai ji, ya lalace ba mai ji. A nan na fahimci yadda mutum yake fara zama a gindin bishiya da abokan aiki ya bar yara suna kwafe daga allo, ba don shi mugu ba ne.

Ashe ya je makarantar ranar da na kai ƙaramin ɗana asibiti, ya tsaya a ƙofar ajin ya gani da idonsa. Da daddare bayan an ci tuwo Inna ta same ni.

"Ya ce gani ya kori ji. Ya ce kunne ba ya ƙirga waɗanda ke zaune a ƙasa. Wai shi ne bai yi daidai ba."

Ban taɓa jin dattijo ya aika wa matar ɗansa irin wannan ba. Bai kuma tsaya nan ba. Har aka kawo sabon malami, duk ranar da ya zo sai ya aiko a ba shi rabin ajin, ya kai su gindin ɗorawa ya koyar da su karatu, ni in ji da sauran. Tsoho mai ciwon gwiwa, a zaune a ƙasa, yana rubutu da tsinke a kan yashi.

Yabo kuwa ba ya cikin kayan Baba. Sau ɗaya na dawo ina jiran saƙo, shiru, har na gaji na tambaya. Inna ta ce, "Yau bai ce komai ba."

"Komai?"

"Ya dai ce a ƙara masa tuwo." Ta yi murmushi. "Ke ba ki san shi ba. In kika ji ya nemi ƙari, ranar ya ji daɗi."

Na yi mako ina tafiya kamar an ba ni kujerar Makka.

Mijina manomi ne, yana kuma taɓa sayen hatsi ranar kasuwa. Ba na so a ɗauke shi mugu, don ba mugu ba ne. Shi ke kai ni a babur, shi ke tura shi cikin laka da damina, ni ina biye da takalma a hannu. Shi ke ganina na dawo murya ta dishe, kai na sarawa, wata ya ƙare ba labarin albashi. Shi ya zauna da yaro mai zazzaɓi ina can ina koyar da na wasu. Ya sha faɗa mini cewa aikin da ba ya ƙosar da mai yinsa, kuma ba ya barin sa ya huta, bai ga amfaninsa ba.

Rikicin ya fito fili ne da aka kira malamai kwas na dogon hutu a Rano, na koyar da ƙananan yara karatu. Mijina ya ce hutun ma ba za a bar mutum da iyalinsa ba? Ba inda za ni. Maganar ta kai kunnen Baba. Washegari da hantsi muna tsakar gida, mijina yana zaune yana gyaran buhuna, Baba ya fito ya dubi Inna.

"Ki tambayar mini manomin gidan nan, in bai kai fartanyarsa maƙera ba, da me zai yi noman baɗi?"

Mijina bai ɗaga kai ba. "Inna, a gaya wa Baba fartanya ba ta da yara ƙanana."

"Ni kun mai da ni waya," in ji Inna. "Ga ku ga juna."

Na shige ɗaki ina toshe baki kar dariya ta fito. Amma Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaran ga kakarsu. Malamar nan za ta kwas. Kuma muddin ina numfashi ba za ta bar aji ba."

Mijina ya ce, "To, Baba." Ya kai ni Rano da kansa, bai sake tayar da maganar ba. Amma bai taɓa cewa ya yarda ba. A lokacin na ji daɗin kalmar Baba ƙwarai, na ɗauke ta katanga. Ban lura ya sa mata iyaka ba sai ranar da aka fita da shi.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ya dawo daga wata makaranta ruwa ya dake shi a hanya, ƙirji ya kama, aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Ko a kwance bai bar hali ba. Na kai masa kunu na ajiye a bakin ƙofa, na ji yana ce wa Inna ta tambayi malama wa ta bar wa aji ta zauna a gida. Saƙonsa na ƙarshe ke nan gare ni. Washegari na tafi makaranta, kuma bai kai wani mako ba.

Kwanakin makoki na yi su ne ina kallon fuskar mijina. Ba ya magana, ba ya cin abinci sosai. In ya shigo ya wuce ni sai in ce shi ke nan, ya yanke. In ya tambaye ni ruwa da murya mai laushi sai in ce a'a, bai yanke ba. Goggo ta sake tayar da zancen ranar sadakar uku, a gabansa wannan karon, ya tashi ya fita zaure, abin da ya fi mini kowace amsa ciwo. Ba ni da hujjar da zan kawo. Inna tana buƙatar mutum, gaskiya ne. Hanya ba kyau, gaskiya ne. Abin da nake da shi kawai shi ne ina son aikin. Ina son lokacin da yaro ya haɗa baƙi da wasali, kalma ta fito daga bakinsa, ya ɗago ya dube ni kamar ni na ɓoye ta tun da. Wa zan faɗa wa wannan a gidan makoki?

Aka yi sadakar bakwai, baƙi suka watse. Safiyar Litinin na yi wa yara wanka, na ɗora wa Inna ruwan zafi, na sa hijabi, na ɗauki jaka. Sai na kasa fita tsakar gida. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakina kamar baƙuwa. Mijina ya fito, ya dubi jakar, ya dube ni.

"Ina ce za mu yi magana tukuna," ya ce.

Kafin in amsa, murya ta fito daga ɗakin Inna.

"Kai."

Tun da na zo gidan ban taɓa jin ta kira shi kai tsaye ba. Ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta.

"Ni takaba nake yi, ba jinya ba. Ƙafata lafiya, hannuna lafiya. In don ni ne, ban sa ka ba."

"Inna, ba don ke kaɗai ba ne."

"Na sani. Nawa na cire maka. Sauran tsakaninka da matarka ne, ga ta nan tsaye. Ku yi magana da bakinku, ni na gama kai saƙo."

Ya miƙe ya juyo. Ba Baba, ba 'yar aike, ni ce kawai da jakata.

"Na san wahalar da kake sha a kaina," na ce. "Ban raina ba. Amma in na zauna a gida zan yi maka girki, in yi maka wanki, raina kuma yana can. Ina son aikina. Ina roƙon ka ka bar mini shi."

Ya sa hula ya fita zaure. Na ji ya fito da babur, ya buga, ya ƙi tashi, ya sake bugawa ya tashi. Babur ɗin nan shi yake hawa zuwa kasuwa, shi yake hawa zuwa gona. Na tsaya ina jiran in ji ƙarar ta yi nisa. Ba ta yi ba. Can sai ya danna hon.

Hanyar Tarai ta gefen maƙabarta take bi. Da muka zo daidai wurin ya rage gudu, ya tsaya, ya nuna mini da haɓa wani sabon tudu da aka jera wa ƙaya. Mu mata ba ma zuwa kai gawa, sai a lokacin na ga inda aka ajiye shi. Na ɗaga hannu. Allah ya jiƙan Baba Malam, ya yalwata masa kabari, ya sa duk yaron da ya iya karatu ta dalilinsa ya zama haske a gare shi, ya saka masa da abin da mu ba mu iya saka masa ba. Mijina ya shafa, ya daɗe bai tayar da babur ba. Na ga kafaɗunsa suna rawa, na kau da kai.

Da ya yi magana bai juyo ba.

"Zuwa ƙarshen zangon karatun nan. Daga nan ban yi alkawari ba."

Na ce, "To."

Ya sauke ni a bakin makaranta an riga an shiga aji. Yarana suna ta hayaniya, suna ganina suka yi tsit, suka miƙe suka gaishe ni, wasu suka ce "Malama, ya haƙuri." Na amsa, na ce su zauna. Na ɗauki alli, na tambaye su inda muka tsaya.